Mashin ɗin Yaya, Saƙon Inna

Yayana ya rasu da damina, lokacin da gero ya fara kai ƙugu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma bai jima a kwance ba. Ina makaranta a Sakkwato aka kira ni, ko da na iso Sabon Birni an riga an dawo daga maƙabarta. Na zauna a tabarmar zaure tare da masu karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya jiƙansa ina cewa amin. Ban yi kuka ba. Na yi ta jiran kukan ya zo, bai zo ba, har na daina jira.

Shi ɗan kabu-kabu ne. Mashin ɗinsa ya tsaya a lungun zaure a lulluɓe da tsohon bargo, kowa na raɓe shi ya wuce. Ni ne kawai nakan ɗaga bargon in tayar da shi da safe, don na taɓa karantawa cewa inji na lalacewa idan aka bar shi a tsaye. Sai in bar shi yana ƙara na ɗan lokaci, in kashe, in mayar da bargon yadda na same shi.

A wancan lokacin hanya na da lafiya, kuma 'yan tasharsu suna da wata al'ada. Kowace kaka, in an yanke gero an kai rumbu, sukan ajiye ɗaukar fasinja su fita cikin ayari, babura da yawa a jere, su yi kwanaki suna zagayen ƙasar. Su bi ta Alkalawa su sauka Isa, su shiga Tozai, sannan su yanki daji su yi arewa har Burkusuma a bakin iyaka, daga nan su dawo gida. Zumunci ne tsakaninsu da 'yan'uwansu na sauran tasoshi. Wanda aka yi wa haihuwa a yi masa barka, wanda aka yi wa rasuwa a yi masa gaisuwa, a ci a sha, samari su gwada gudu. Idan ɗaya daga cikinsu ya mutu a cikin shekarar, mashin ɗinsa yakan fita zagayen sau ɗaya na ƙarshe, a gurbin da mai shi ya saba tsayawa, ɗan'uwansa na jini a kai. Duk inda aka yada zango sai a nema wa mamacin yafiya, don mai tuƙa babur yana ɓata wa mutane da yawa rai ba tare da ya sani ba: ya watsa wa wani taɓo, ya firgita jakin wani, ya yi wa wani baƙar magana a kan hanya. Bayan an dawo, dangi su yi yadda suke so da mashin ɗin.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna. Da shugaban tashar ya zo da maganar, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ni ma ban tambayi kaina ba.

Ana gobe za mu tashi Inna ta kira ni. Tana zaune a bakin murhu, wutar ta mutu, ba ta sake hura ta ba. A nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. A zagayen shekarar da ta gabata, dab da shiga Burkusuma, yayana ya buge wata tsohuwar Bafillatana da ke tafe kasuwa da ƙwaryar nono a ka. Ta fito ne daga bayan wani kurmin geza, shi kuma yashi ya hana shi kaucewa. Ƙafarta ta karye. Ya ɗauke ta ya kai ta wurin mai ɗori, ya tsaya har aka ɗaure. Daga baya ya koma rugar ba sau ɗaya ba don ya nemi gafara, kullum ɗanta ne ke tare shi a bakin ruga ya ce ba su yafe ba. Inna ta ce da ciwon ya yi tsanani bai ambaci matarsa ba, bai ambaci 'yarsa ba, matar nan kaɗai ya yi ta ambata.

“Za ka tahi ka nemo mai gafara wurinta,” in ji Inna. “Ka ce ni na aiko ka. Bakinta nika son ji, ba na kowa ba.”

Na ce to. Ta dube ni kamar tana auna ko zan iya buɗe baki a gaban baƙi, don ta san ni. Ni ne yaron da in an aike shi shago sai ya tsaya a gefe har kowa ya watse. Sai ta ce in ɗauki rigar sanyin yayana, safiya a kan mashin ba ta da daɗi.

Gurbin yayana shi ne na ƙarshe. Suna kiran mai wannan gurbi mai kora, kamar makiyayin da ke bin bayan garke, don shi ke tsayawa wa duk wanda tayarsa ta yi faci ko mai ya ƙare masa. Ni na iya tuƙi, irin na zuwa kasuwa da dawowa, ba irin wannan ba. Saboda haka shugaba ya sa aminin yayana a gabana, ya ce aikin kora na wuyansa, ni dai in riƙe gurbin kawai. Aminin nan mutum ne mai ƙiba da surutu, tare suka tashi da yayana tun suna tallan rake. Da ya ga na tsuguna ina duba sarƙa da mai da iskar taya ɗaya bayan ɗaya, sai ya kira sauran su zo su ga malam yana yi wa mashin jarrabawa. Ya tambaye ni ko ya ci, ko sai ya maimaita aji. Aka yi dariya. Na ce sarƙar ta ɗan saki. Ya taɓa da yatsa, ya ce gaskiya ne, ya ɗaure ta da kansa.

Muka tashi bayan an yi addu'a. Ban taɓa jin ƙarar babura da yawa haka a wuri ɗaya ba. Tana shiga ta tafin ƙafa ta hau har haƙora. Kafin mu yi nisa hannayena sun mutu a kan kan mashin, bayan nan ƙugu ya bi, sannan tunani. Na ga haka ya yi mini daidai. Abin da ke gabana shi ne bayan rigar aminin yayana, wata shuɗiya mai yagaggen aljihu, sai tayarsa ta baya. Inda ta bi nan nake bi.

A Alkalawa muka fara tsayawa. Na karanta labarin wurin a littattafai, na san birnin sarakunan Gobir ne kafin a rushe shi, kuma na daɗe ina cewa wata rana zan zo in gani da idona. Da na zo, tudun ƙasa na gani da ƙaya da awaki. Na tsaya ina kallo ina jiran wani abu ya motsa a cikina. Wata akuya ta hau tudun ta sauka. Aka kira ni.

A nan na fara ganin yadda ake neman yafiyar. Aka turo mashin ɗin tsakiyar fili aka kafe shi, aka tsayar da ni a gefensa. Shugaba ya cire hula ya mayar, ya ce ga mashin ɗin wane, ga ƙanensa, mai shi ya riga mu gidan gaskiya, duk wanda ya san ya taɓa ɓata masa rai a kan hanya ko a tasha, don Allah ya yafe masa. Mutane suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe, Allah ya yafe mana duka. Wani dattijo ya ce marigayin ya taɓa kai matarsa asibiti cikin ruwan sama. Wani ya ce ya taɓa take masa kaza, amma kazar ce ba ta da hankali. Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha. Ni ba a buƙaci in ce komai ba. Haka aka yi a kowane zango bayan wannan, kalmomin ba sa canzawa, har na haddace inda shugaba ke jan numfashi.

Kwanakin da suka biyo baya sun cakuɗe mini. Na tuna mun ƙetare gulbi a jirgin fito, babura bibbiyu a kwance a ciki, masu su na riƙe da su kamar marasa lafiya. Na tuna a Isa an yanka mana akuya, an kawo tuwon dawa a manyan kwanoni, samari suka fita fili suna tsere, wani yana tuƙi a tsaye a kan sirdi. Na tuna mun kwana a barandar wata makarantar firamare, a kan tabarmin aro, da safe kowa na tafiya a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya, abin da aminin yayana bai gaji da faɗa ba. Ina cin abin da aka ajiye a gabana. Ina salla inda aka yi sahu. In an yi mini gaisuwa in amsa.

Bayan Tozai hanyar ta zama yashi zalla. A nan na faɗi. Tayar gaba ta nutse, na damƙe birkin hannu, sai na gan ni a ƙasa mashin na kwance a kan ƙafata, salansa mai zafi na cin ƙwaurina. Na ji ƙaurin nama kafin in ji zafi. Ina kwance ina kallon wurin yana yin fari, ina tunanin ya kamata a ce ya fi haka ciwo. Aminin yayana ya juyo ya ɗaga mashin ɗin, ya duba mashin ɗin tukuna sannan ya duba ni. Ya ce tambarin sana'a ke nan, duk ɗan kabu-kabu na da shi, yanzu ko na zama gwamna ba ni da bakin musu. Ya shafa mini man goge baki a wurin, ya ɗaure da ƙyalle. Sannan ya rage wa tayoyina iska, ya ce a cikin yashi in manta da birkin gaba, kada in saki wuta, kada kuma in kalli ƙasa, in kalli inda nake son zuwa. Ya ce yayana ne ya koya masa haka. Da ya faɗi wannan sai ya juya baya ya daɗe yana gyaran madubinsa, madubin da ba abin da ya same shi.

Yinin da muka yi arewa shi ne mafi tsawo. Gonaki ne an girbe, kara a zube, shanun Fulani na kiwo a ciki. Can sai ƙauye, yara su biyo mu da gudu, sai kuma gonaki. A wani wuri muka sha ruwan rijiya mai ɗanɗanon ƙarfe, a wani wuri muka sayi fetur a kwalabe daga hannun wani mai magana rabi Hausa rabi Faransanci. Ban sake faɗuwa ba. A cikin kaina ina ta jera abin da zan faɗa wa matar, ina gyara kalma ina mayar da wata, sai ƙarar injin ta share, in sake daga farko.

Mun shiga Burkusuma da hantsi, ranar kasuwa. Aka yi neman yafiyar da aka saba a tasharsu. Bayan nan shugaba ya ce wa sauran su huta su ci abinci, shi da aminin yayana za su raka ni wani wuri. Kowa ya san wurin, ba wanda ya tambaya.

Rugar na kan wata gona da aka girbe, bukkoki kaɗan da turken maruƙa. Tun daga nesa muka kashe injuna muka tura da hannu, muka tsaya a gindin wata aduwa, inda baƙo namiji ke tsayawa. Muka yi sallama. Ɗan matar ya fito, dogo ne, ya manyanta, sanda a kafaɗa. Ya ga mashin ɗin kafin ya gan mu. Duk da haka ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu aka tambayi gida. Shugaba ya faɗi abin da ya kawo mu. Mutumin ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Sannan ya ce uwarsa ba ta sake taka ƙafar nan daidai ba, matar da ke yin tafiyar yini da ƙwarya a ka yanzu sai an riƙe ta za ta zaga bayan bukka. Ya ce abin da ya faɗa wa mai mashin da ransa shi ne zai faɗa yanzu, bai ga abin da ya canza ba.

Shugaba ya yi magana, ya kawo mutuwa, ya kawo lahira. Aminin yayana ya yi magana, wannan karon ba wasa a bakinsa. Mutumin na zane ƙasa da sandarsa har suka gama. Daga nan shugaba ya ce to, sun yi iyakar nasu, Allah shi ne mai gafara. Suka miƙe suna kaɗe riguna, don a wurinsu magana ta ƙare: namijin gida ya yanke, ba a tsallake shi.

Ni ban tashi ba. Ba jarunta ba ce. Na dai duba saƙon da aka ba ni na ga ban isar da shi ba. Inna ba ta ce in je wurin ɗan matar ba.

“Baffa,” na ce. Muryata ta fito ƙarama, sai da na sake. “Baffa, ni ba wurinka anka aiko ni ba. Uwata ta aiko ni wurin uwarka. Tana cikin zaman rashin ɗa, ba ta iya zuwa da kanta.”

Aminin yayana ya dube ni kamar mashin ne ya yi magana. Mutumin ya daina zanen ƙasa. Saƙon namiji yana iya tsarewa a bakin ruga, amma saƙon tsohuwa zuwa ga tsohuwa, kuma wadda ta binne ɗa, ba hurumin ɗa ba ne ya hana shi shiga. Ya san haka, mu ma mun sani, ko da yake ba wanda ya tuna sai da na faɗa. Ya tashi ya shiga, ya jima, ya leƙo ya yafito ni ni kaɗai.

Tana zaune a inuwar bukka a kan tabarmar kaba, ƙafa ɗaya a miƙe, siririya, ta ɗan karkace daga gwiwa zuwa ƙasa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai manyan 'yan kunne. Na durƙusa na gaishe ta. Duk abin da na jera a hanya ya tafi, sai na faɗa mata a yadda ya zo: wanda ya buge ta yayana ne, ya rasu da damina, ita ya yi ta ambata, uwarmu na roƙon ta yafe masa.

Ta tambaye ni me ya kashe shi, na faɗa mata. Ta tambayi ko ya bar 'ya'ya, na ce mace ɗaya, ba ta fara tafiya ba. Ta daɗe tana kallon maruƙa. Sannan ta ce yaron ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya, yana kuka ya fi ta, har ta ce a ranta wannan ɗan kirki ne. Amma tun daga ranar bai sake leƙo ta ba, ko sau ɗaya, ko ya ce yaya ƙafa. Ta ce karaya ƙaddara ce, wannan ne ya tsaya mata.

Na ce ya zo. Na ce ya zo ba sau ɗaya ba, a gindin aduwa yake tsayawa, daga nan ake mayar da shi.

Ta juya ta dubi ɗanta. Ta yi masa magana da Fillanci, ba da ƙarfi ba, kuma ba ta daɗe ba. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga mutumin da ya kusa haifata ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya riƙe ta a gaba da hannu biyu. Ya amsa da kalma ɗaya ko biyu. Daga baya ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, shi ya ga bai kamata a dame ta ba.

Na ɗauka yanzu za ta faɗi abin da na zo ji. Sai ta tambaye ni ko yau kasuwa ce, don ta ji ƙarar babura tun safe. Na ce kasuwa ce. Ta ce tun ranar da aka buge ta ba ta sake ganin kasuwa ba. Tun tana budurwa take zama a gindin wata tsamiya tare da masu nono, yanzu ba ta san wadda ta mutu ba, ba ta san wadda ta zauna a wurinta ba. Hawan jaki ba ya yi mata, ƙafar ba ta lanƙwasa.

“Da mashin ɗin ka zo?”

“Da shi na zo, Kaka.”

“To kai ni.”

Ɗanta ya ce wannan mashin ɗin fa shi ne ya karya ta. Ta ce ta san shi, ai sun gaisa. Da aka fito da ita, aminin yayana ya matso ya ce shi zai ɗauke ta, ya fi shekara goma a kan hanya, wannan yaron kuwa ɗan makaranta ne, jiya-jiya yashi ya kayar da shi, ga ƙyallen a ƙafarsa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce in ya hau ina ita za ta zauna. Ta ce wancan mashin ɗin take so, da ɗan gidan.

Aka naɗe zane aka ɗora a sirdi. Ɗanta ya ɗaga ta ya zaunar, aka gyara ƙafar ta miƙe a gefen da ba salansa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta damƙi rigata ta baya da hannu biyu, na ji ƙasusuwan yatsunta a haƙarƙarina. Na tayar da injin.

Tsakanin rugar da gari ba nisa, amma yashi ne duka, kuma ta gefen kurmin gezar nan hanyar ta bi. Shugaba na dama da ni, aminin yayana na hagu da ɗanta a bayansa, duk sun sauke ƙafafu suna jan ƙasa. Na sa giya ta ɗaya ban canza ba. Tayar gaba na rawa, tana neman ƙwacewa, ina kallon rufin kwanon wani shago can gaba ina riƙe da wuta. Gumi na shiga idona ban isa in share ba. A wannan 'yar tafiyar ne, karo na farko tun damina, na ji tsoro sosai. Da muka zo daidai gezar ta ce nan ne, kamar mai nuna gidan wani. Muka wuce.

A gindin tsamiyar mata suka taso. Aka sauke ta, aka matsa mata wuri, wata ta kama fuskarta da hannu biyu. Suka shiga Fillanci, mu muka koma gefe. Ta yini a nan. Ba ta sayar da komai ba, ba ta sayi komai ba, sai dai na ga tana leƙa ƙwaryar wata tana yamutsa fuska. Da azahar shugaba ya ce ayari ba zai iya jira ba, akwai zango a hanyar gida, suka tashi. Aminin yayana ya zauna tare da ni a kan wani benci, ya sayo mana rake, muka sha. Ɗanta na tsaye nesa kaɗan, ya ƙi zama.

Da la'asar muka mayar da ita. Bayan an zaunar da ita a tabarmarta ta sha ruwa, ta faɗi wata magana da Fillanci tana kallon ƙafarta. Ɗanta ya ce mini ta ce ta yafe.

Na tsaya a durƙushe. Na ce ta yi mini haƙuri, uwata za ta tambaye ni ko da kunnena na ji, ni kuwa ba na jin Fillanci. Tsohuwar ta yi dariya har 'yan kunnenta na kaɗawa, ta ce wa ɗanta wannan yaron alƙali zai zama. Sannan ta daina dariyar ta dube ni.

“Na yafe mai, duniya da lahira. Ka ce ma uwarka ta yi haƙuri. Ni ma na binne uku.”

Ba mu cim ma ayarin ba. Washegari mu biyu muka kamo hanyar Sabon Birni, shi a gaba ni a baya. Na shigar da mashin ɗin zaure na kashe. Inna na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, ta amsa, ta dubi ƙyallen ƙafata.

“Ka gan ta?”

“Na gan ta.”

“Mi ta ce?”

Na faɗa mata kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, har da ukun da ta binne. Ta tambaye ni ko da bakinta ta faɗa, na ce da bakinta, da Hausa, ina durƙushe a gabanta. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ajiye faifan a ƙasa, kaji suka taso wa waken, ba ta kore su ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Na zauna kusa da ita ina korar kajin da hannu ɗaya.